Masu Sanƙo na Gida Ne

Cikuda, Disamba 1988

Yaya Entin,

Kin san abin da wasiƙarki ta aikata a garin nan, ko sai na gaya miki?

Na san ba haka ake fara wasiƙa ba. To, assalamu alaikum. Ina gajiya, ya karatu, ya sanyin Holan? Mu nan lafiya, sai ruwan sama da ya ƙi ɗaukewa. Mahaifinki Kawu Sobari lafiya lau, har tumbi ya ajiye. Innata, Gwaggonki Oyoh, ta ce a gaishe ki, wai ki riƙa sa safa. Na gama gaisuwa.

Ranar da wasiƙarki ta iso, Kawu ya kira ni rumfar oncom, abincin nan namu na tunkuza da jan funfuna, in karanta masa, don kin san shi da rubutu ba sa ga maciji. Bai yarda a karanta a ɗaki ba. Sai da ya tara ma'aikata da masu jiran kaya, ya zauna a kan buhu kamar mai shari'a. Na karanta gaisuwa, na karanta labarin dusar ƙanƙara, har na zo inda kika ce a ɗakin bincikenku kun shuka jan funfunan oncom ɗinmu a kan tunkuzar gyaɗa mai guba, kuka ga yana cin gubar. Nan ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Maimaita."

Na maimaita.

"Kun ji ko? 'Yata ce ta faɗa, daga ƙasar Turawa. Abin da kakanninmu ke yi da hannu, sai yau Bature ya sa gilashi ya gani."

Na ce, "Kawu, da saura. Akwai rubutu a bayan takardar."

Ya ce, "Bayan takarda gaisuwar mata ce. Kawo nan."

Ya ninke ta, ya cusa cikin hularsa. Har yau tana can. Da ita yake zuwa kasuwa, da ita yake zuwa masallaci, ban sani ba ko da ita yake wanka.

Kin tuna Ikin mai tunkuza? Kin tuna buhunan da yake jibgewa a bayan shagonsa, waɗanda damina ta lalata, da yake sayar wa masu gona su yi taki? Su ne Kawu yake saye yanzu. Idan kika karya curi ɗaya, cikinsa kore-kore ne da rawaya, ƙura na tashi, yana warin tsohuwar katifa. Marigayi Babana ko a kan kekensa ba ya yarda a ɗora irinta. Yanzu ita muke jiƙawa, mu gauraya da tuƙar rogo, mu turara, mu shimfiɗa a faifan gora, mu barbaɗa jan funfunan jiya ya zama iri. Da na yi magana, Kawu ya taɓa hula ya ce, "Ja zai cinye kore." Sauran rumfunan garin duk sun bi sahu. Ikin ya sayi sabon agogo.

Ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba.

Kin girma a rumfar nan, kin san doka. Idan aka ɗaga ganyen ayabar da aka rufe oncom da shi, wanda ja ya lulluɓe shi kaf, ya yi laushi kamar gashin ɗan tsako, shi ke tafiya kasuwar Sumedang. Wanda ja ya kama gefe ya bar gefe, mai sanƙo, ba ya sayuwa. Masu sanƙo na gida ne. Tun da Baba ya rasu, Kawu ya ce a riƙa tara wa Inna su duka, don ita ce ƙanwarsa kuma ba ta da miji. Alheri yake yi mata, kowa ya shaida. Ita kuwa ta gasa, ta daka da barkono, ta cakuɗa da shinkafa mai zafi, safe da yamma. Ni a kasuwa nake cin abincina. Ita ke cinyewa.

Baba ma su ya ci duk rayuwarsa. Ba ki nan lokacin da ya kwanta. Cikinsa ya kumbura har rigarsa ta daina rufuwa, idonsa ya koma ruwan kurkum. Aka ce shawara ce, aka ce sammu ne. Bara na tsinci guntun jarida da aka ƙunso mana busasshen kifi a ciki, na ga an rubuta cewa funfunan gyaɗa yana taɓa hanta. Rabin shafin ya yage, mai ya cinye sauran.

To ga tambayata, ke da kika yi karatun da ba a yage ba. Idan ja ne ke cin gubar, wurin da ja bai fito ba fa? Wa ya ci ta a nan? Kuma me kika rubuta a bayan takardar nan?

Ƙaninki,
Darsa

*

Cikuda, Fabrairu 1989

Yaya,

Sallama. Kowa lafiya, idan wannan ake kira lafiya.

Mai kawo wasiƙu ya fara sauya hanya idan ya hango ni. Ko dai tawa ta nutse a teku, ko kin karanta kin ajiye. Na fi son ta nutse.

'Ya'yan agwagin Inna sun mutu. Sun tsallaka bayan rumfa, inda ake share burbushin tunkuzar Ikin, suka cika ciki. Kwana kaɗan suka daina bin uwarsu. Na same su a bakin kududdufi, kowanne ya miƙe ƙafa, ya lanƙwasa wuya baya kamar mai kallon sama. Na zuba su a kwando na kai wa Kawu har gaban ma'aikata.

Ya leƙa ya ce, "Ɗanyar tunkuza suka ci, ko oncom?"

Na ce, "Ɗanya."

"To me ya kawo ka? Ai maganar Entin ke nan ka zo ka gaskata. Da sun jira ja ya gama aikinsa, da yanzu suna iyo." Ya juya ga mutane. "Yaron nan a takardar ƙunshin kifi ya koyi karatu, shi ya sa duk abin da ya faɗa sai ya yi ƙarni."

Aka yi dariya. Har Inna ta rufe baki da gefen ɗankwali.

Da muka koma gida ta zauna da turminta. Na ce, "Inna, don Allah ki bar cin masu sanƙon nan."

"In ci me? Karatunka?"

"Zan sayo miki na kasuwa."

"In bar na kyauta in ci na kuɗi, a ce 'yar'uwar mai rumfa ta raina hannun yayanta? Entin ta ce babu komai. Ni na goya yarinyar nan a bayana, ba za ta bar ni in ci abin da zai cutar da ni ba."

Kin ji inda kika tsaya a gidanmu. Tana daka, tana ambaton sunanki kamar bisimilla.

Yaya, ban iya roƙo ba, kin sani. Ki amsa.

Darsa

*

Holan, Janairu 1989

Ƙanena Darsa,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarka ta Disamba ta same ni lafiya. Sanyi ya yi tsanani, amma ina sa safa, ka gaya wa Gwaggo. Ka gaishe min da Baba da kowa na rumfa.

Na karanta taka a tsaye, na sake karantawa a zaune. Ban taɓa zaton Baba zai tsayar da kai a rabi ba.

Ga abin da ke bayan takardar. Ja yana rage gubar, ba ya gamawa da ita. A wurinmu, cikin kwalba mai tsabta, komai a aune, wani lokaci kusan rabi ke tafiya, sauran ya zauna. Idan tunkuzar ta lalace sosai tun farko, abin da ya rage ma ya isa ya yi ɓarna. Na rubuta a nan cewa aikinmu bai kai a dogara da shi ba tukuna, kuma babu abin da ya kai zaɓen tunkuza mai kyau. Murna ce ta sa na fara da labari mai daɗi. Na so Baba ya ji cewa sana'arsa ta shigo har nan.

Gubar nan ba ta ɗaci, ba ta wari. Turarawa ba ta kawar da ita, suya ma haka. Ba ta kayar da mutum yau ko gobe. A hanta take aikinta, a hankali, shekara da shekaru.

Game da masu sanƙo, ban taɓa auna su ba, don a nan babu wanda ya san ana cin su. Ni ma da na sani, ban tuna ba. Amma inda ja bai kama ba, ba ni da dalilin cewa wani abu ya taɓa gubar. Kada Gwaggo ta ƙara ci.

Ka yi maganar Babanka, Allah ya jiƙansa. Ba zan ce ita ta kashe shi ba, don ciwon hanta hanyoyinsa da yawa. Ba kuma zan rantse ba ita ba ce.

Yanzu ka saurare ni, don na san bakinka. Kada ka kai wasiƙar nan rumfa. Kada ka kunyata Baba a gaban mutanen da yake ciyarwa. Ka karanta wa Gwaggo ku biyu a ɗaki. Shi kuma ni zan rubuta masa da kaina, cikin ladabi, zai gane. Ban taɓa ce masa "ba haka ba ne" ba tun da aka haife ni, ka bar ni in nemo yadda ake faɗa.

Yayarka,
Entin

*

Cikuda, Afrilu 1989

Yaya Entin,

Salamu alaikum. Taki ta Janairu sai da Maris ya shiga ta iso, ta yi saɓani da tawa ta agwagi. Kawu lafiya. Inna kuma ki karanta ki yanke da kanki.

Na yi yadda kika ce. Na rufe ƙofa, na karanta mata daga sallama har sa hannu. Ta saurara tana tsince shinkafa. Da na gama ta ce, "Nuna min inda ta ce kada in ci."

Na ɗora yatsa.

Ta duba ta ce, "Ni tawada nake gani."

"Inna, rubutun Yaya Entin ne. Ga kan sarkin Holan a jikin ambulan."

"Ambulan nata ne. Abin da ke fitowa daga bakinka fa? Ta yaya yarinya za ta gaya wa ubanta fari, ta zagayo ta gaya maka baƙi? Ɗayanku na ƙari, kuma ita ba ta taɓa yi min ba. Kai kuwa tun kana rarrafe kake neman Yaya Sobari da faɗa."

Sai ga taki ta Kawu. Wannan karon bai kira ni ba, wurin Liman ya kai ta. Ina bakin ƙofa ina ji. Yaya, wannan ce wasiƙar da kika ce zai gane? Kin yabi rumfa, kin yabi hannunsa, kin yabi kakanninsa. Can ƙasa kika ce ya ci gaba da zaɓen tunkuza mai kyau kamar yadda ya saba, don sunansa ya wuce a taɓa shi. Kin nannaɗe maganar da ganye bakwai har ba a ga abin da ke ciki ba. Shi "kamar yadda ya saba" kawai ya ji. Ya ce, "Madalla da 'yar albarka," ya ninke, ya haɗa da ta farko. Hular ta fara yi masa kaɗan.

Na so in zaro tawa in karanta a wurin. Na tuna kin ce kada. Na kuma san abin da za a ce: mai ƙarnin kifi ya sake ƙirƙiro wata.

Na gwada tawa dabarar. Na kwashe masu sanƙon ranar, na juye a rafi. Inna ta bi ni har bakin ruwa, ta mare ni. Rabonta da dukana tun ina yawo ba wando. Ta ce, "Abinci kake zubarwa? A gidan marayu?" Tun daga ranar ta daina kawo su gida. A rumfa take gasawa da tsakar rana, a murhun turara, ta ci tare da matan da ke naɗe ganye. Lokacin ni ina kan keke a hanyar kasuwa. Kafin in dawo an wanke kwano.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba. Inna ta sassauta ɗaurin zaninta. Fuskarta na ramewa, cikinta ba ya ramewa. Idan za ta yi min magana, sai ta juya wa ƙofa baya don kada haske ya faɗa mata a ido. Shekaranjiya ta ɗaga kai tana shanya, na gani. Farin idonta ya fara wannan launin. Na san shi, Yaya. Na zauna da shi wata da watanni a gefen tabarmar Baba.

Na ce, "Inna, idonki."

Ta ce, "Hayaƙi ne."

Baba ma hayaƙi ya ce.

Darsa

*

Holan, Mayu 1989

Darsa,

Na gaishe ka, na gaishe da Gwaggo. Duka biyun sun iso tare, ta agwagi da ta ido.

Ka kai ta asibitin gari yanzu, ko da ɗaukar ta za ka yi. Ka ce a duba hanta. Idon rawaya ba hukunci ba ne, akwai wanda ake warkewa. Amma kada ka jira.

Ka ce na nannaɗe magana. Gaskiya ne. Darsa, Baba bai taɓa shiga aji ba. Duk shekarun da nake makaranta, mutane na ce masa yana zuba ruwa a rariya, 'ya mace ce. Takardar da ke cikin hular nan ita ce amsar da ya samu ya ba su. Idan na ce a gaban gari ya yi kuskure, kuma da maganata ya yi shi, hular na cire masa a tsakiyar kasuwa. Ban san ko zai sake ɗaga kai ba. Ban san ko zai sake kirana 'yarsa ba.

Ina gama jarrabawa a Agusta. Zan dawo in zaunar da shi a ɗaki, in riƙe gwiwarsa in gaya masa. Zan gaya wa Gwaggo da bakina. Ka ba ni zuwa lokacin.

Entin

*

Cikuda, Yuni 1989

Yaya,

Sallama. Ba zan ce kowa lafiya ba.

Na kai ta. Sai da na ce mata ni ne ba ni da lafiya ta raka ni. Likita ya danna ƙasan haƙarƙarinta na dama, ta cije leɓe, ta riƙe gefen gado. Ya ɗebi jini. Ya tambayi abin da take ci, na gaya masa. Bai ce an makara ba. Bai kuma ce ba a makara ba. Abu ɗaya ya faɗa ƙarara: daga yau kada ta sake cin abin da aka yi da ruɓaɓɓiyar gyaɗa.

A mota ta gyara ɗankwali ta ce, "Yaron kirki ne, amma karatunsa a Bandung ya tsaya. Entin har Holan ta je."

Washegari tana rumfa da tsakar rana.

Kin ce in ba ki zuwa Agusta. Ba nawa ba ne da zan bayar. Ki lissafa da kanki kwano nawa ne tsakanin yau da Agusta, ke ce mai awo. Ni na kasa zubarwa, na kasa hanawa, likita ya kasa. Duk abin da ya biyo ta bakina ya zama nawa, ko da ke kika rubuta. Liman ma idan ya karanta, Kawu zai zaɓi layin da ya yi masa. Mutum ɗaya Inna za ta ji, kuma sai da kunnenta.

Cikin ƙunshin nan za ki ga kaset. Sabo ne, babu komai a kai.

Juma'ar da ta wuce, bayan an sallame, na miƙe a masallaci na ce Yaya Entin za ta aiko da muryarta ta gaida gari, ta yi bayanin bincikenta. Liman ya yarda a sa a lasifika, Juma'ar ƙarshe ta watan gobe, don matan da ke gida da na rumfa su ji. Kin san wanda ya fi kowa murna? Kawu. Ya dafa kafaɗata a gaban jama'a ya ce, "Ashe kana da rana." Ya aika wa dangin Sumedang. Ya ce a sahun gaba zai zauna. Inna ta fito da zaninta na biki tana shanyawa, ta ƙara masa tsawon ɗauri ba ta san na gani ba.

Na san abin da na yi miki. Ki zage ni a gefe na biyu na kaset ɗin, zan saurara ni kaɗai.

Ba na ce ki tozarta shi ba. Ki gaishe shi yadda kike so. Ki yabi hannunsa, gaskiya ne, babu mai oncom kamarsa daga nan har Sumedang. Ki ce laifin wasiƙarki ne, ki ce laifin wanda ya karanta ne, na ɗauka. Amma ki faɗi abin da ke bayan takardar, ba ganye, ba naɗi. Ki ce ja ba ya cinye kore duka. Ki ce a mayar da buhunan Ikin gona. Sannan ki kira Inna da suna, yadda kike kiranta kina bayanta. Ki ce, Gwaggo Oyoh, Entin ce, ki daina cin masu sanƙo.

Kaset biyu na saya, Yaya. Ɗayan yana nan ƙarƙashin matashina, shi ma babu komai a kai. Idan ranar ta zo naki bai iso ba, ko ya iso da gaisuwa kawai, nawa zan sa. Mahaifinki yana sahun gaba da hularsa, Inna na tsakar gida da zanin biki, lasifika na huci a kan rufin masallaci. Zan ce musu ga amsar Entin. Gari zai zauna ya saurari shirunki har zaren ya ƙare, sannan in juya ɗaya gefen.

A gaban mutane aka karanta rabin maganarki. A gabansu za ki ƙarasa ta. Gwaggonki ta ci, ko kada ta ci? Ki buɗe baki ki gaya wa Cikuda.

Darsa